BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: Wace Dabarar Kare Kai Ce Ta Dace Da Mace Musulma?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya ba mu rai da lafiya da mutunci a matsayin amana, kuma zai tambaye mu yadda muka tsare su. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Nasiharmu ta wannan fitowa za ta tsaya ne a kan wata tambaya da ta yawaita a bakin iyaye mata a makarantunmu na Islamiyya, musamman ajin matan aure. Tambayar kuwa ita ce: shin ya halatta mace ta koyi dabarun kare kanta daga azzalumi? In ya halatta, wanne za ta koya, wanne kuma za ta sa 'yarta ta koya? Wata ta ji ana cewa karate, wata ta ga taikwando a talabijin, wata kuma ɗanta ne ya dame ta da zancen judo ko dambe. To, amsar a taƙaice ita ce, addininmu ya halatta, har ma akwai inda ya wajabta. Amma zaɓin ba ya bin sunan wasa ko burgewar fim. Yana bin irin hatsarin da kike iya haɗuwa da shi a kan hanyarki ta gona, ko ta kasuwa, ko a tsakar gidanki. Dabarar da ta fi dacewa da ke ita ce wadda za ta kuɓutar da ke daga hannun mugu, ta dawo da ke gida da ranki da mutuncinki.

HALIN DA MUKE CIKI A YANKIN NOMAN RANI

Allah Ya yi wa yankinmu ni'ima. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin mulkin marigayi Audu Baƙo, ruwa ke gangarowa ta kanal zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Saboda haka ba mu san zaman rani ba. In an gama shinkafar damina a shiga tumatir da albasa da alkama da masara. Mace a nan ba ta rasa abin yi: akwai mai turara shinkafa a gida, akwai mai fita dashe, da mai casa da sheƙa, da mai kala bayan an girbe, da mai tsinkar tumatir a biya ta kwando-kwando. 'Yan matanmu kuma suna kai abinci gona, wasu suna kai talla har kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan.

To amma ke ma kin san yadda hanyoyin nan suke. Fita ce tun da duku-duku bayan sallar asuba, dawowa kuma gab da magariba. Hanya ce siririya a bakin kanal ko a kan kunya, masara ta yi tsawo ta rufe mutum, gida na nesa. In kaka ta yi gari ya cika da baƙi, da 'yan ci-rani da direbobi da dillalai. Mafi yawansu bayin Allah ne masu neman halaliyarsu, amma a cikin taro ba a rasa ɓata-gari, ga kuma shaye-shaye da ya lalata mana wasu daga cikin samarinmu na gida. Wadda ke shiga birni kuwa ta san labarin masu ƙwacen waya da wuƙa a cikin adaidaita sahu da kan titi.

Kada kuma mu ɗauka mugu daga nesa kawai yake zuwa. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da asusun UNICEF ya nuna cewa a cikin kowaɗanne 'yan mata huɗu a Nijeriya, ɗaya tana fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata kafin ta cika shekara 18, kuma galibi wanda yarinyar ta sani ne yake aikatawa. A watan Yunin 2020, a garin Kwanar Ɗangora da ke kan hanyarmu ta zuwa Zariya, 'yan sanda sun kama wani mutum da ake zargi da haura gidaje yana yi wa mata fyaɗe, har aka ambaci mata arba'in a cikin shekara guda. Yaya aka yi dubunsa ta cika? Wata uwa ce ta tarar da shi a ɗakin 'ya'yanta, ya fita da gudu, maƙwabta suka bi shi suka cafke. Ki riƙe wannan labari, 'yar uwa: uwa mai sa ido, da maƙwabta masu amsa kira.

MENE NE HUKUNCIN ADDINI?

Malaman fiƙihu suna da babi guda da suke kira daf'us sa'il, wato tunkuɗe mai kawo farmaki. Rai da mutunci da dukiya suna cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo domin ta tsare. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Sa'idu ɗan Zaidu (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya ba da matsayin shahada ga wanda aka kashe yana kare dukiyarsa, ko jininsa, ko addininsa, ko iyalinsa. Ba a ware mace a cikin wannan falala ba.

A zamanin halifancin Sayyidina Umar (RA), an aiki wata yarinya daji ta yo itace, wani mutum ya bi ta yana nemanta da lalata. Ta ƙi, ya kama kokawa da ita, da ta samu ta suɓuce sai ta ɗauki dutse ta jefe shi, ya mutu. Da maganar ta je gaban Sayyidina Umar, bai kama ta da laifin komai ba, kuma ya yanke cewa ba za a biya diyyar mutumin ba. Abdurrazzaƙ da Baihaƙi sun kawo wannan ƙissa. Dubi yadda ta yi kama da rayuwarmu: yarinya ita kaɗai, a bayan gari, a bakin aikin da iyaye suka sa ta.

Haka nan a yaƙin Handaƙ, shekara ta biyar bayan hijira, an tara mata da yara a wani gida mai ganuwa a Madina. Nana Safiyya 'yar Abdulmuɗɗalib (RA), gwaggon Manzon Allah (SAW), ta hango wani ɗan leƙen asirin abokan gaba yana kewaya gidan, ga mayaƙa suna bakin daga. Sai ta ɗauki turken tanti ta sauka ta gama da shi. Da turken tanti fa, abin da ke kusa da hannunta. Ummu Sulaim (RA) kuma ta riƙe wuƙa a yaƙin Hunain, mijinta Abu Ɗalha ya gaya wa Manzon Allah (SAW), da ya tambaye ta dalili ta ce domin duk maƙiyin da ya matso kusa da ita ne, sai ya yi dariya bai hana ta ba, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Waɗannan su ne iyayenmu abin koyi. Sun fi mu kunya, sun fi mu tsoron Allah, amma kunyarsu ba ta sa sun tsaya sun zuba wa azzalumi ido ba.

Game da motsa jiki kuwa, Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA), ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, kuma ya sanar da mu cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri da soyuwa a wurin Allah a kan mumini mai rauni, ko da yake akwai alheri a tare da kowannensu.

SHARI'A TA JERA MATAKAI

Nasa'i ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) abin da zai yi in wani ya zo ƙwatar dukiyarsa. Sai ya umarce shi da ya fara tuna masa Allah. In bai ji ba, ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa. In babu kowa, ya nemi taimakon hukuma. In hukuma ta yi nisa, to sannan ya yi faɗa. Kin ga jerin? Baki ne farko, sai neman agaji, hannu shi ne na ƙarshe. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'idar cewa ana tunkuɗe mai farmaki da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi. Wanda tsawa za ta kora ba a dukansa, wanda duka zai kora ba a kashe shi. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halil ya ambaci yin gargaɗi kafin a kai hannu in mai farmakin yana da hankalin fahimta. Dokar ƙasa ma haka ta tafi: dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta ba kowa haƙƙin kare jikinsa da dukiyarsa, amma ta hana a wuce gwargwadon buƙata.

Akwai kuma wani bambanci da nake so kowace mace ta haddace. Malamai sun ce kare dukiya halal ne, amma in mutum ya bar ta domin ya tsira da ransa bai yi laifi ba. Kare mutunci kuwa wajibi ne gwargwadon iko. Saboda haka in wani ya zare miki wuƙa yana neman waya ko kuɗin tumatir, don Allah ki miƙa masa, ko ki wurga gefe ki ruga. Allah (SWT) Ya hane mu jefa kanmu cikin halaka a Suratul Baƙara aya ta 195. Waya ana sayen wata, amma marayunki ba su da inda za su sayo wata uwar. In kuwa ke yake nema, ko yana ƙoƙarin jan ki zuwa cikin gona ko kango ko mota, to nan ne wurin da za ki yi amfani da duk abin da Allah Ya hore miki, domin duk abin da zai faru a inda babu kowa ya fi wanda zai faru a kan hanya muni.

MU AUNA WASANNIN ƊAYA BAYAN ƊAYA

Mu fara da na gida. Dambe wasan ƙarfi ne da muka gada, asalinsa na mahauta, ana naɗe hannu ɗaya da zare a yi duka da shi, ɗayan a yi kariya, a yi turmi uku. Yana koya juriya da rashin tsoro, amma an gina shi ne a kan ƙarti biyu masu ƙarfi ɗaya su tsaya su yi musayar naushi. Macen da ta tsaya musayar naushi da ƙato ta ba shi abin da yake so. Ga kuma abin da ke cakuɗe da fagen na layu da kambu da tsiraici. Wannan kam ba namu ba ne.

Taikwando daga ƙasar Koriya ya fito, kuma ƙarfinsa a ƙafa yake. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi suna a cikinsa, domin Abdulrazak Issoufou Alfaga ya ciyo musu lambar azurfa a gasar Olamfik ta 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Wasa ne mai kyau ga yara, yana gina jiki da ladabi. To amma ki tambayi kanki: da zani da hijabi har ƙasa, da silifas, wataƙila da goyo, a kan kunya mai santsi, ƙafarki za ta kai kan mutum? Duk wadda ta ɗaga ƙafa sama ta tsaya a kan ƙafa ɗaya, kuma ture mai ƙafa ɗaya ba wuya.

Karate daga tsibirin Okinawa na ƙasar Japan yake. Yana koya duka da hannu da ƙafa da tare duka. Matsalarsa ita ce a wurare da yawa ɗalibi yana shafe watanni yana dukan iska cikin tsararrun motsi, ba tare da wani ya taɓa damƙarsa da gaske ba. Alhali mai nufin mace da sharri ba ya tsayawa nesa ya gyara tsayuwa. Damƙa yake yi: a wuyan hannu, ko a hijabi, ko ya rungumo ta baya ya toshe baki.

Shi ya sa a cikin wasannin nan wanda ya fi kusa da buƙatarmu shi ne judo, wanda wani malami ɗan Japan mai suna Jigoro Kano ya kafa a 1882. Sunan ne kawai ya zo ɗaya da na garinmu. Judo ɗan uwan kokawarmu ne: yana koya yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba, da yadda ake kwance riƙo, da yadda ƙaramin mutum ke amfani da nauyin babba ya kayar da shi, da yadda ake suɓucewa in an danne mutum a ƙasa. Kuma tun ranar farko da mutum ake gwadawa, ba da iska ba.

Sai dai duk waɗannan wasanni suna buƙatar shekaru kafin a ƙware, galibi a cikin birni ake samun masu koyar da su, kuma yawancinsu maza ne. Matar aure mai 'ya'ya biyar da tukunyar shinkafa a kan murhu ba za ta riƙa zirga-zirga daga Ɗanhassan ko Barkum zuwa Kano sau uku a mako ba. To shin shi ke nan ta haƙura? A'a.

ABIN DA AKA GWADA AKA GA AMFANINSA

A unguwannin talakawa na birnin Nairobi a ƙasar Kenya, wata ƙungiya mai suna No Means No Worldwide ta koyar da 'yan matan makaranta darasi shida, kowanne na awa biyu, kuma mata ne 'yan unguwa suka koyar. Awa 12 ke nan kacal. Binciken da aka buga a 2013 ya nuna cewa kafin horon kusan kashi 25 cikin ɗari na 'yan matan sun ce an ci zarafinsu a cikin shekarar da ta gabata, amma wata goma bayan horon adadin ya sauka zuwa kashi 9. Fiye da rabinsu sun ce sun yi amfani da abin da suka koya sun kuɓuta, kuma rabin waɗannan da baki kawai suka kori mugun, ba su kai hannu ba. A ƙasar Kanada ma, Farfesa Charlene Senn ta gwada irin wannan horo na awa 12 a kan ɗalibai mata kusan 900 a jami'o'i uku, aka buga sakamakon a 2015: cikin shekara guda kashi 9.8 na waɗanda ba su samu horon ba an yi musu fyaɗe, waɗanda suka samu kuwa kashi 5.2.

Allahu Akbar! Ashe abin da masu bincike suka gano shi ne jerin da Manzon Allah (SAW) ya koyar: gargaɗi, neman agaji, sannan faɗa. Saboda haka shawarata ga matan aure ita ce gajeren horo na mata zalla, wanda ya ƙunshi abubuwa huɗu.

Na farko, lura. Ki san hanyarki, ki san inda ya fi duhu da inda babu gidaje. Kada ki fita gona ke kaɗai da asuba, ku haɗu uku ko huɗu. A gida a san inda kika nufa da lokacin dawowarki. In zuciyarki ta ƙi kwanciya da wani mutum ko wani adaidaita sahu, ki fasa, ba sai kin nemo hujja ba. Da dare a sa sakata, a riƙa leƙa ɗakin yara. Yarinya kuma a koya mata cewa babu wanda ya isa ya kira ta cikin shago ko zaure ko ɗaki wai ta shigo ta karɓi kuɗin talla, ko da kawunta ne, ko malaminta.

Na biyu, murya. An tarbiyyantar da mu da sassauta murya, kuma wannan abu ne mai kyau a muhallinsa. Amma mugu da wannan kunyar yake farauta, domin ya san za ki ji nauyin tara masa jama'a. Ki dube shi ido cikin ido, ki daka masa tsawa tun daga ciki: “Tsaya nan! Kada ka matso! Ka ji tsoron Allah!” In kin san shi ki kira sunansa da ƙarfi. In bai tsaya ba, ki kurma ihu. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin wata mata da wani ya afka wa a kan hanyarta ta zuwa salla a zamanin Manzon Allah (SAW), ta yi kururuwa, ta gaya wa mutanen da suka zo wucewa, kuma ba a zarge ta da ɗaga murya ba. Wannan ihun sai an gwada shi, domin wadda ba ta taɓa yi ba, ranar tsoro muryar maƙalewa take yi. Usur ɗin da 'yan ƙwallo ke busawa ma yana da araha, a rataya wa yarinya a wuya a ƙarƙashin hijabi.

Na uku, kwance riƙo. In an kama miki wuyan hannu kada ki ja baya da ƙarfi, ki murɗa hannun ki fizge ta wajen babban yatsansa, domin nan ne riƙo ya fi rauni. In an rungumo ki ta baya ki saki nauyinki ƙasa, ki taka masa ƙafa da dunduniya, ki kai masa gwiwar hannu. Kada ki dunƙule hannu ki naushi ƙashi, yatsunki ne za su karye, ki yi amfani da gindin tafin hannu a hanci ko haɓa. Komai ƙarfin namiji, idonsa da maƙogwaronsa da gabansa da gwiwarsa wurare ne masu rauni. Hanin da aka yi na dukan fuska kuwa, ki kiyaye shi a wurin horo da tarbiyya. Amma a gaban mai neman keta miki haddi kina cikin larura, shari'ar da ta yafe wa mai jifa da dutse ba za ta kama ki a kan wannan ba. In hijabinki ya riƙe, ki sunkuya ki zame ki bar masa shi. Gara ki iso gida ba hijabi da ki tsaya ƙwatarsa. Abin da ke hannunki kuma makami ne: fartanya, kwando, tocila, ƙasa a watsa a ido, a gida kuma taɓarya da muciya. Amma ban ba ki shawarar yawo da wuƙa ba. Ummu Sulaim a fagen yaƙi take, wuƙar da ba a iya riƙe ta ba kuwa sau da yawa a hannun mugu take ƙarewa.

Na huɗu, gudu. Duk dukan da za ki yi domin ki samu daƙiƙa biyu ne ki ruga inda mutane suke. Ba tsayawa za ki yi ki rama ba. Wannan yana nufin sai mun kula da jikinmu, 'yan uwa. Mace da yawa ba ta iya gudu daga nan zuwa bakin masallaci ba tare da haki ba. Ki riƙa tafiya da sauri, ki tsallake igiya da yaranki a tsakar gida, ki sa dogon wando a ƙarƙashin zani in za ki gona. Mai ciki da mai jego su nemi shawarar ma'aikatan lafiya kafin su shiga horo.

Yara ƙanana kuwa, masu lokaci da laushin jiki, in Allah Ya hore aka samu wurin kirki, a sa su judo. In babu sai taikwando ko karate, ba laifi, a dai haɗa musu da waɗannan abubuwa huɗu.

SHARUƊƊAN DA ZA A KIYAYE

Mace ce za ta koyar da mace, a wuri killatacce, da sutura. Horon nan na riƙe-riƙe ne, miƙa balagaggiyar yarinya ga namiji ya riƙa damƙarta da sunan koyarwa ba wa kura ajiyar nama ne. A bar sunkuyon gaisuwa da ake yi a wasannin Japan da Koriya, domin Tirmizi ya ruwaito daga Anas (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya sunkuya wa ɗan uwansa, sallama ta wadatar. Kada horo ya ci lokacin salla ko haƙƙin gida. Ki nemi izinin maigida da lalama, ki nuna masa cewa amanarsa kike son tsarewa a lokacin da yake gona ko kasuwa. Ku kuma mazajenmu, in uwargida ta karanta muku wannan shafi, ku tuna ba kullum kuke tare da mu ba.

A gyara niyya. Ba a koyon wannan domin kishiya, ko maƙwabciya, ko faɗan bakin famfo. Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa gwanin kayar da mutane ba shi ne mai ƙarfi na haƙiƙa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa yayin fushi. Wadda kuma mijinta ke dukanta, hanyarta ita ce waliyyanta da Hisba da kotu, kada ta yi shiru har a yi mata illa. In an kama mugu a miƙa shi ga hukuma, taron dangi a kashe wanda ake zargi haramun ne.

Ina kuma jan kunnenmu game da masu sayar da layar zana da maganin ƙarfe da guru, wai in an ɗaura wuƙa ba ta kamawa. Wallahi da yawa sun tafi lahira wajen gwaji. Ga asarar kuɗi, ga hatsarin shirka, ga ruɗin da zai sa mutum ya tsaya a inda ya kamata ya gudu. Tsarinmu shi ne azkar na safe da yamma, da Ayatul Kursiyyu, da Falaƙi da Nasi, da addu'ar fita daga gida. Sannan mu haɗa da sababi, kamar yadda aka umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah.

IN ƘADDARA TA RIGA FATA

Wata za ta yi duk abin da za ta iya, a fi ƙarfinta. Wata kuma tsoro ne zai sandarar da ita ta kasa ko motsi, wannan halitta ce ta jikin ɗan Adam, ba yarda ba ce. Babu laifi a kan ko ɗaya daga cikinsu. Matar nan da aka afka wa a hanyar salla, Manzon Allah (SAW) ya sallame ta da bushara ta gafarar Allah, hukunci ya hau kan wanda ya yi laifin. To don me mu za mu rufe yarinya da duka da zagi, mu ɓoye magana wai gudun abin kunya, mu bar mugu ya koma kan 'yar wani? A garzaya da ita asibiti kafin ta yi wanka ko a wanke kayanta, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72. Akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano, wadda aka tanada domin irin wannan. Sannan a kai rahoto ga 'yan sanda.

KIRA GA ƘUNGIYOYINMU

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina kira ga shugabanninmu na rassan Kura da Bunkure da Garun Malam, da malaman Islamiyyun matan aure, mu ɗauki wannan a matsayin aiki. Muna da azuzuwa masu katanga, muna da ranakun Alhamis da Juma'a da ba a karatu. Abin da ya rage shi ne mai koyarwa. Akwai mata 'yan sanda, akwai rundunar mata zalla da hukumar Sibil Difens ta kafa a 2021 domin tsaron makarantu, akwai 'yan uwanmu mata da suka yi judo da taikwando a makarantu. A nemi guda a cikinsu ta horar da malamai goma, goman nan su koma unguwanninsu su koyar. Kuɗin ankon biki ɗaya ya isa ya ɗauki nauyin wannan. A kuma zauna da masu unguwanni da dagatai da 'yan sintiri a kan hanyoyin gona da mata ke bi, a yi alkawari cewa duk wanda ya ji ihu ko usur zai fito. Tun kafin kakar tumatir ta kama ya kamata a fara, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya Allah Ka tsare mana imaninmu da rayukanmu da mutuncinmu. Ka tsare mu ta gabanmu da bayanmu, da damanmu da hagunmu. Ka tsare mana 'ya'yanmu a gida da gona da makaranta, Ka shiryi samarinmu, Ka tona asirin azzalumai, Ka sanya albarka a nomanmu da sana'o'inmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, Allah Ya ba mu ikon aiki da shi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.